Kanwar da Aka Ajiye wa Sakinatu

Duk wanda ya ci kasuwar Bagudo a shekarun samun mulkin kai ya san Mariya mai kanwa. Doguwa ce, baƙa, ga baki kamar aska. In ka yi wa kayanta tayin wulaƙanci, kallon da za ta bi ka da shi kaɗai ya isa ka shafa jikinka ka ji ko ka manto wando a gida. Daga Kamba take saro kanwa da gishirin manda, jakuna su sauke mata a ƙauyensu Geza, ita kuma ta bi kasuwanni da su har cikin ƙasar Faransi. Ba ta shakkar ɗan sanda, ba ta shakkar sarkin kasuwa. Abu ɗaya ne ya gagare ta a duniya, ta buɗe baki ta ce "Sakinatu".

Sakinatu ɗiyarta ce ta fari, kuma kun san yadda muke yi da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a bari a ga ana sonsa. Ranar da aka yaye ta, Goggo Dela, yayar marigayi Lauwali mijin Mariya, ta saɓe ta ta kai ɗakinta. Gida ɗaya suke, zana ce kawai tsakani, amma in yarinyar ta faɗi ta fasa gwiwa sai Mariya ta kau da kai ta ci gaba da tankaɗe. In dole ta kama ta yi mata magana, sai ta ce "ke". In zancenta za ta yi, ta ce "waccan". Mata suna ta yabo: "Kai, Mariya akwai kunya!" Su suna yabo, ita abin yana cin ta.

Ƙofa ɗaya al'ada ta bar mata, ita ce jego. In ɗiya ta zo gida haihuwa, uwa na da iko ta kashe kanta da hidima, ba mai ɗaga mata gira. Saboda haka tun ranar da aka kai Sakinatu gidan Arzika, wani manomin albasa a Malanbil can cikin Dahome, Mariya ta zaɓi dunƙulen jar kanwa wadda ba ta taɓa riƙe irinta ba, ta naɗe a tsohuwar tabarma ta tura ƙarƙashin gado. Fatake sun gani sun taya, ta ce ba ta sayarwa ba ce. Sau biyu labari ya zo an sami ciki, sau biyu ya biyo baya cewa ya zube. Kanwa tana nan tana jira.

Ita Sakinatu dama ba lafiyayya ba ce. Tun tana budurwa, in ta kama taɓarya, kafin hatsi ya san ana dukansa hannuwanta sun mutu, sai ta saki ta tsaya tana yarfe su. Guga ma haka. Sa'o'inta suka sa mata raguwa, har da waƙa. Tafin hannunta kuwa ko a tsakiyar bazara sanyi ƙalau, kamar gindin randa. Mariya ba ta taɓa riƙe hannun ba, sai dai in sun gogi juna wajen karɓar ƙwarya, amma wannan ya ishe ta ta yanke hukunci. Sanyi ne ya shige ta. Kuma ta san maganin sanyi, yana ƙarƙashin gadonta.

Ciki na uku ya zauna. Ana cikin yankan gero Arzika ya kawo Sakinatu Geza, ta yi nauyi, fuska ta ɗan tasa. Bayan an ci abinci ya zo ya durƙusa a bayan zana, don suruki ba ya haɗa ido da uwar matarsa.

"Inna, akwai saƙon da likita ya ce in isar muku."

"Wane likita kuma?"

"Na can wajenmu. Baƙin mutum ne, a Dakar ya yi karatu. Da ciwon kai ya matsa mata na kai ta. Ya nemi bugun jini a hannunta ya rasa, dama da hagu. Ya sa abin saurarensa a wuyanta ya daɗe yana ji. Sannan ya sa ma'aikaciya ta auna jinin a ƙafa."

"A ƙafa?"

"A ƙafa, Inna. Ya ce ciwo ne da ba kasafai ake gani ba, shi kansa a littafi ya san shi. Manyan hanyoyin jini ne suka kumbura suka tsuke. Kamar in hanyar ruwa ta toshe a lambu, fangalin gaba ya bushe, amma a baya ruwa ya taru yana neman fasa kunya. Hannuwanta su ne fangalin gaba. Wanda ya auna hannu zai ce jini ya yi ƙasa, alhali a ciki ya hau ya wuce misali. Ya ce ban da gishiri mai yawa, ban da kanwa ko ta taɓawa a harshe, ban da wankan ruwa mai zafi ƙwarai. Ya so ma ta haihu a wurinsa, ita ce ta ce sai gida."

Mariya ta ji duk wannan, amma abin da ya tsaya mata a wuya shi ne "ban da kanwa". Haba! Shekara da shekaru tana jiran abu ɗaya, sai wani ƙato da bai taɓa naƙuda ba ya aiko daga wata ƙasa ya ce ta ajiye?

"Arzika," ta ce, "uwarka da mi ta yi jegonka?"

Ya kama sosa ƙeya.

"Tambayarka nike."

"Da kanwa, Inna."

"To ga ka nan ƙato, kana koya mani lambu. Tashi ka tahi, albasarka na jiranka."

Ya tafi, yana ta waiwaye. Suruki ba ya ja da uwar mata, ko da gaskiya ta fi shi tsawo.

Amma kada ku ɗauka Mariya sakarya ce. Maganar ta kwana ta tashi da ita, har ta ce bari dai a ji ta bakin namu. A lokacin akwai wata ungozomar gwamnati, Adenike, Bayarabiya, da ke sauka Bagudo ranar kasuwa tana duba masu ciki a wata rumfa. Mutuniyar kirki ce, tana jin Hausa sarai, sai dai ita kaɗai ce, mata kuwa kamar fara. Mariya ta sa Goggo Dela gaba, don ba ya yiwuwa a gan ta ita kaɗai tana rakiyar ɗiyar fari, suka ɗora Sakinatu a jaki suka je.

Adenike ta naɗa wani ƙyalle a damtsen Sakinatu, ta matsa ƙwallon roba, wani farin ruwa mai ƙyalli ya hau cikin siririn gilashi ya sauko. Ta yamutsa fuska ta sake. Ta koma ɗaya hannun.

"Jininki ya yi ƙasa sosai. Ba kya cin abinci ne?"

Sakinatu ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Misisi, can a ƙafa sunka auna."

Adenike ta yi dariya, ba ta mugunta ba, ta gajiya. "Mutanen Faransi ai komai nasu a juye yake. Mota ma hannun dama suke bi, mu muna bin hagu. A hannu ake awon jini, 'yar uwa. Mama, ku ba ta abinci, nama, ganye, ta yi ƙarfi."

"Kanwa fa?" in ji Mariya.

"Kanwar nan taku! To, kaɗan dai, kaɗan. Mai bi mata ta shigo."

Kaɗan! Ka ce wa mai kanwa kaɗan. Mariya ta fito tana taku ɗai-ɗai. Hannunta ya ce sanyi ne, na'urar gwamnati ta ce jini ya yi ƙasa, biyu ke nan a kan ɗaya. Ga shi kuma ƙasa ta kusa zama tamu, wa zai tsaya bin maganar Dahome?

Aka yi bikin mulkin kai, yaran makaranta suka yi ta yawo da 'yan tutoci kore da fari, maroƙa suka kwashi rabonsu. Ba a daɗe ba naƙuda ta zo. Sakinatu ta sha wuya, ta ce tana ganin wuta-wuta a idonta, amma Allah ya sauke ta lafiya. Ɗiya mace, 'yar mitsitsiya, sai ƙarar murya. Goggo Dela ta rangaɗa guɗa. Mariya ta shige ɗaki kamar abin bai shafe ta ba, ta jawo tabarmar nan daga ƙarƙashin gado.

Jama'a, Geza ba ta taɓa ganin jego irin wannan ba. Itacen ƙirya da Mariya ta tara tun rani ya kai tsayin danga. Safe da yamma tukunya na tafasa, Goggo Dela na tsoma ganyen runhu tana fyaɗa wa mai jego har tururi ya rufe makewayi. A fito a kwantar da ita a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Kunu kuwa Mariya ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Ita ke surfe, ita ke niƙa, ita ke fasa jar kanwar ta jiƙa, ta dama shi da kauri da yaji, ta miƙa wa Dela ta ce, "Kai wa waccan." Ƙwarya ta dawo a share, ranta ya yi fari.

Ana nan, wata safiya bayan suna, ta ga awakinta sun taru a bayan rumbu suna turereniya, suna lasar ƙasa. Akuya ba ta lasar ƙasa a banza, kuma ba wanda ya fi mai kanwa sanin abin da akuya ke bi. Ta je ta kore su. Ƙasar wurin ta yi danshi, ga bushasshen kunu ya yi ɓawo a kai, na jiya a kan na shekaranjiya.

Wallahi da mari aka yi mata da ya fi sauƙi. Ta tsaya a wurin, baƙin ciki ya cika ta. Abin da ta yi shekaru tana tanadi, shi ake zubar wa awaki a ɓoye.

Ba ta yi faɗa ba. Ta dama sabon kunu, ta ɗauka da kanta, ta ɗaga labulen ɗakin mai jego ta shiga. Goggo Dela ta buɗe baki don mamaki, Mariya ta ce, "Yaya, ba mu wuri." Ta zauna a bakin gadon, abin da ba ta taɓa yi ba tun yarinyar na nono.

"Ke. Awaki sun gode."

Sakinatu ta rufe fuska da zane. "Inna, likita ya ce..."

"Likita ya haihe ki? Miƙo hannunki."

Ta miƙo. Mariya ta riƙe shi cikin nata biyu, karo na farko. Ga ɗaki kamar tanda, ga gumi na zuba, amma hannun nan sanyi ƙalau. Tausayi ya kama ta har ta ji tana neman yin abin kunya.

"Ji nan. Ji hannun mutum. Sanyi na cin ki da rai, kina zubar da magani. So kike ki bar wagga jaririya marainiya?"

Ta ɗebo kunu a ludayi ta hura, ta kai bakinta. Sakinatu ta dubi ludayin, ta ɗago ta dubi uwarta, kallon da ba ta taɓa samun damar yi ba. Sai ta buɗe baki.

Daga ranar ba a sake zubarwa ba. Kullum Mariya ke shiga ta ba ta da hannunta, ludayi bayan ludayi, har ƙwarya ta ƙare. Wani lokaci ma su ɗan taɓa hira, ta kasuwar Malanbil, ta tsadar manda. Kwanakin nan su ne mafi daɗi a rayuwar Mariya, kuma wannan shi ne abin da ba ta yafe wa kanta ba har ta mutu.

Ƙafafun Sakinatu suka fara kumbura. Goggo Dela ta danna yatsa, wurin ya loɓa bai taso ba. "Sanyi ne ke fita," in ji ta, "a ƙara wuta." Aka ƙara. Fuska ta kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Ta ce tana jin ana daka a cikin kanta. Mata masu zuwa barka suka ce sanyin mai taurin kai ne, a ƙara kanwa. Mariya ta ƙara.

Ranar wata kasuwa Goggo Dela ta ga abin ya wuce saninta, ta je ta roƙi Adenike. Da la'asar sai ga ta a kan keke, akwatinta ɗaure a baya. Tana shiga ɗakin ta ja da baya don zafi.

"Ku kashe wutar nan! Ku ɗaga labule!"

Ta auna hannu. Farin ruwan ya ɗan motsa ya kwanta, kamar dai wancan karon. Ta dubi gilashin, ta dubi matar da ke gabanta tana haki, a kumbure, jijiyoyin wuya sun miƙe. Abin da ta gani da abin da na'ura ta ce sun ƙi haɗuwa. Sai ta yaye zanen ƙafar, ta naɗa ƙyallen a ƙwauri, bai kai ba don kumburi, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure shi da shi. Ta fara matsa ƙwallon.

Mariya na tsaye a kanta. Ba ta san karatu ba, amma ta yi shekaru tana awo, ta san bambancin mudu da tiya. Ta ga farin ruwan ya wuce inda ya saba tsayawa, ya hau, ya ƙara hawa, Adenike na matsawa tana saurare, har ya kusa ƙure gilashin. Ta ga Misisi ta saki ƙwallon.

"Me kuke ba ta?" in ji Adenike.

"Kunun kanwa."

"Kamar yaya?"

Mariya ta nuna ƙwaryar. Adenike ta dafe kai da hannu biyu ta faɗi wata magana da Yarabanci, hawaye suka zubo mata. "Ta gaya mani," ta ce. "A rumfa ta gaya mani, na yi dariya. Mama, zuciyarta ta gaji, ruwa ya cika ta. Ba ni da maganin wannan a akwatina. Ku nemi jirgi ku kai ta wurin likitan nan, yanzu."

Aka aika wa Arzika, aka ruga neman masu jirgin ruwa. Sai dai zamani ya sake. Da can ka shiga kwalekwale ka bi kogin Kwara ba mai tambayarka, yanzu kowace ƙasa ta kafa tutarta da masu tsaronta, masu jirgi suka ce ba sa isa bakin iyaka da marar lafiya bayan faɗuwar rana, sai da safe.

Da gari ya waye, maza na ɗaura makara ta ɗaukar marar lafiya a tsakar gida, Mariya na zaune ta jingina Sakinatu a ƙirjinta don ta sami numfashi. Yanzu kam ba ruwanta da wanda ya gani.

"Don mi kika sha?" ta ce. "Kin san abin da ya ce. Don mi ba ki ture hannuna ba?"

Sakinatu ta ja numfashi da ƙyar. "Na sani, Inna."

"To don mi?"

"Ba ki taɓa ba ni abu da hannunki ba."

Ba ta ƙara wata magana ba sai salati. Makarar da aka ɗaura don kai ta bakin ruwa, ita aka gyara aka kai ta makwanci da ita. Arzika ya iso ana dawowa daga maƙabarta. Ya durƙusa a bayan zanar nan, ya ce, "Inna, ya haƙuri?" Bai ƙara ko kalma ba, kuma da ya zage ta da ta fi jin daɗi.

Ranar sadakar uku gida ya cika da mata. Jaririya na bayan Goggo Dela tana tsala kuka. Aka yi ta gaisuwa, sannan aka shiga abin da mata suka iya, wato ba da haƙuri da yabo.

"Ke dai Mariya ba ki da haushi. Kin yi iyakar yinki."

"Wallahi. Itace kamar na gidan sarki."

"Kanwa kuwa ba a taɓa ganin irinta ba. Sanyin ne ya riga ya yi nisa. Da wata uwar ce mai ƙyashi, ai da mai jegon ba ta kai suna ba."

Sai wata maƙwabciya, Saratu, ta matso ta rage murya. "Ba don kada a ce na yi gaggawa ba, ɗiyata ta shiga watanta. In akwai ragowar jar nan, a taimaka mani da ita."

Mariya ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da abin da ya rage, bai fi dunƙulen hannu ba, ta tsaya a tsakiyarsu ta ɗaga shi sama.

"Kun gan ta? Ita ta kashe ta. Ba sanyi ba ne, jini ne ya hau, na gani da idona. An aiko an gaya mani na ƙi ji. Ni na dama, ni na ba ta a baki. Ni na kashe Sakinatu. Sakinatu! Sakinatu ɗiyata!"

Ta wurga kanwar bayan danga. Goggo Dela ta kama ta ta ja ta ɗaki tana cewa, "Yi salati, kada ki yi saɓo, kwana ne ya ƙare." Mata suka fara neman takalmansu.

To, me kuke tsammani suka ɗauka suka fita da shi? A bakin rijiya, a wurin daka, har kasuwar Kende, magana ɗaya ce ke yawo: "Kun ji Mariya? Baƙin ciki ya taɓa ta. A gaban mutane ta kama sunan ɗiyar fari, har sau uku." Zancen jini da kanwa kuwa ko mutum ɗaya bai maimaita ba.

Mariya ba ta sake kasa kanwa a kasuwa ba. Saratu kuwa a ranar, da za ta koma gida, ta bi ta bayan danga, ta kori awaki, ta tsince dunƙulen ta ƙulle a bakin zane.